Yadda Ake Zaɓen Injin Fatsa Mai Araha da Ƙarko Don Su a Teku

Bayan sallar isha'i ɗan ƙanwata ya bugo mini waya daga Legas. Wata uku ke nan da barinsa Yelwan Yauri, ya samu shiga wani jirgi mai inji da ke fita teku da masu fatsa.

"Kawu, mai jirgin ya ce kowa ya nemi ril ɗinsa. Na ga wani a kasuwa sai walƙiya yake, an rubuta boris 14 a kwalinsa, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. In saya?"

Na ce, "Ajiye shi, ɗana. Kada ka ba da ko sisi sai mun yi magana."

Abin da na gaya masa a daren nan shi zan shimfiɗa a nan, domin yaranmu da ke gangarawa Legas da Badagiri da Kwatano neman abinci a ruwa suna da yawa, kuma kusan kowannensu sai ya yi wannan tambaya.

Ril shi ne injin da ake ɗaurawa a gindin sandar fatsa, yana naɗe zare yana kuma sakinsa. Mu a gida ba da shi muka taso ba. Da mamari muka taso, da birgi da kalli da fatsar hannu. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, homa da gora ne kayan aiki, kuma da su ake fito da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga ta. Wajen sanin ruwa ba a bar Bakabe ko Basarke a baya ba. Abin da Neja da Kainji da Matan Fada ba su koya mana ba shi ne gishiri. Kowace lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, wajen babban cokali biyu ke nan. Feshin ruwan yana shiga kowace kafa ta injin, ruwan ya bushe, gishirin ya zauna yana cin ƙarfe dare da rana.

Shekarar da na fara fita teku irin wannan mai walƙiyar na saya, da kuɗin da na yi wata biyu ina tarawa. A sati na uku, mun yi nisa har gaɓa ta ɓace mana, babban kifi ya ɗauki ƙotona. Zare ya fara fita, ya tsaya, ya fizga, ya sake tsayawa, sai na ji tas. Da dare na kwance injin a kan tabarma da hasken tocila. Haƙoran giyarsa sun cinye, boris, wato zoben 'yan ƙwallayen ƙarfe da ke sa inji ya juya sumul, ya yi jawur da tsatsa, kowane noti ya yi farin gari kamar an barbaɗa masa kanwa. Raina ya ɓaci ƙwarai a daren nan, kuma ba na so wani yaro ya ɗanɗani irinsa.

Mataki na farko: tambayi mai jirgi irin sun da yake yi

Kafin ka taka shago, ka san inda jirgin ke zuwa da abin da ake nema. Su daga jirgi iri biyu ne manya. Akwai na tsayawa wuri ɗaya a sauke ƙoto da dalma har ƙasa, ana neman kifayen ƙasan teku irin su kuroka da sinafa. Akwai kuma na jan ƙoto a bayan jirgi yana tafiya a hankali, ana neman masu gudu irin su barakuda da tuna. Tambayi zurfin wurin da suka saba tsayawa, da nauyin kifin da suka fi kamawa a yawancin ranaku. Kada ka saurari labarin wanda aka taɓa kamawa sau ɗaya shekara biyar da suka wuce. A kan kifin kullum za ka yi sayayya.

Abu ɗaya zai rage maka kashe kuɗi: wanda ke cikin jirgi ba ya buƙatar jifa mai nisa, jirgin ya riga ya kai shi kan kifin. Duk wani ƙarin kuɗin da ake ɗora wa inji saboda iya jifa, na masu tsayawa a gaɓa ne.

Mataki na biyu: mai rataye ko mai ganga

Iri biyu za ka tarar. Na farko yana rataye ne a ƙarƙashin sanda, a shago za ka ji ana ce masa sifinin. Kwarkwaronsa, wato inda zare ke naɗuwa, ba ya juyawa lokacin naɗi. Wata lanƙwasasshiyar waya mai kama da mariƙin bokiti ce ke zagaya shi tana jera zaren. Ba ya da wuyar koyo, yaro ma a yini ɗaya zai iya shi, kuma zarensa ba ya saurin cukurkuɗewa.

Na biyu yana zama a saman sanda kamar 'yar ganga a kwance, masu shago na ce masa moltifilaya ko kwanbenshinal. Shi kwarkwaron ne da kansa ke juyawa, zare ya shigo kai tsaye ba tare da ya karya kwana ba. Saboda haka ya fi ƙarfin ɗago nauyi daga ƙasa, ya fi cin zare mai yawa, kuma kayan cikinsa ba su da tarkace. Aibinsa ɗaya: in ka saki zare ba ka dafa kwarkwaron da babban yatsa ba, zai fi zaren gudu, ya yi maka sheƙar tsuntsu da za ka yi rabin awa kana warwarewa. Kwana biyu ake yi hannu ya saba.

Ra'ayina a fili yake. In sun ƙasa ne mai zurfi ko jan ƙoto a bayan jirgi, ɗauki mai ganga, domin a kuɗi ɗaya ya fi ɗan'uwansa ƙarko. In kuwa inji ɗaya kake so ya yi maka komai, ka sauke ƙasa yau, gobe ka yi jifa kusa da duwatsun bakin tashar jiragen ruwa, in ka dawo gida ka nemi giwan ruwa da shi a Kainji, to mai rataye ya fi dacewa da kai.

Wasu masu gangar suna da ɗan ƙarfe a gaba mai kai-komo yana jera zare daidai. Yana da daɗin aiki, amma shi ne ke fara mutuwa in yashi da gishiri suka shige shi. Wanda ba shi da shi ya fi araha ya fi daɗewa, sai dai ka riƙa jera zaren da yatsanka.

Mataki na uku: girma da yawan zare

Lambar da ke jikin inji, 4000 ko 6000 ko 8000, ba ma'auni ɗaya ba ne a wurin kowane kamfani. Daiwa BG 5000 ya fi Shimano mai lamba 5000 girma nesa ba kusa ba. Don haka ka bar lambar, ka karanta abin da aka rubuta a jikin kwarkwaro: ƙarfin zare da tsawon da zai ɗauka. Ana rubuta ƙarfin da lb, wato laba, kuma laba ɗaya ta gaza rabin kilo kaɗan. Zare mai laba 30 yana tsinkewa ne a wajen kilo 13 da rabi, mai laba 50 kuma a wajen kilo 22 da rabi. Tsawon kuwa wasu na rubuta shi da mita, wasu da yadi, yadi 100 kuma mita 91 ne.

Ga sun ƙasa a zurfin mita 20 zuwa 60, injin da zai ɗauki mita 250 zuwa 300 na zare mai laba 30 ko 40 ya wadatar. Za ka ce me ya kawo mita 300 a ruwa mai zurfin mita 50? Igiyar ruwa tana jan zare ya karkace, kifi yana gudu da wani, kuma duk ranar da ƙugiya ta maƙale a dutse sai ka yanke wani ka bar wa teku. Ga jan ƙoto a bayan jirgi, nemi mai ɗaukar mita 400 zuwa sama.

Kada ka sayi ƙato don burgewa. Injin da ya yi maka nauyi, kafin azahar kafaɗarka ta gaya maka.

Mataki na huɗu: birki, inda kuɗinka ya kamata ya tafi

A nan zan daɗe, domin nan ne rayuwar injin take. Wanda ya taɓa riƙe giwan ruwa da fatsar hannu ya san cewa ba a ja-in-ja da ita. In ta fizga sai ka sassauta zare ya bi ta tsakanin yatsunka, kana matsawa daidai yadda za ta gaji ba tare da zaren ya tsinke ba. Aikin da yatsun nan ke yi shi birkin inji ke yi. Wasu faya-fayen washa ne aka jera a ciki, na ƙarfe da masu laushi bi da bi, suna matse kwarkwaro. In jan kifi ya wuce inda ka saita, sai su bari ya zame, zare ya fita.

Birki mai kyau yana sakin zare sumul, da nauyi iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Mara kyau yana riƙewa, sannan ya saki gaba ɗaya, ya sake riƙewa. A wannan riƙewar ta farko zare ke tsinkewa, kamar yadda ya faru da ni. Tambayi mai shago da me aka yi washar. Masu araha da yawa suna zuwa da washa mai kama da matsattsen bargo, wadda ke lallatsewa ta ƙone in kifi ya yi dogon gudu, domin gogayyar tana haifar da zafi sosai. Washar kabon ita ce abin nema. Kamfanin Penn na kiran tasa HT-100. In ka samu inji mai ƙarfin jiki amma washarsa ta bargo ce, ana iya canza ta da ta kabon, kuma kuɗinta kaɗan ne a kan kuɗin sabon inji.

A masu ganga birki iri biyu ne. Akwai mai tauraro, wani ƙarfe mai yatsu a gindin hannu da ake murɗawa. Akwai mai liba, wanda ake turawa gaba ko baya, kana ganin inda ka tsaya da idonka. Mai liba ya fi daɗi ga jan ƙoto, domin za ka saita shi tun a gaɓa, ko ka sassauta a tsakiyar kokawa ka san inda za ka mayar da shi. Mai tauraro ya fi araha, ya fi sauƙin gyara, kuma ga sun ƙasa ba shi da wata matsala.

Za ka ga an rubuta a kwali cewa birkin yana riƙe kilo 20 ko 25. Kada wannan ya ɗauke maka hankali. Ƙa'idar da masunta suka daɗe a kanta ita ce a saita birki a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Mai zaren laba 30 zai saita a kilo 3 da rabi zuwa 4 da rabi. Mai laba 50 ba zai wuce kilo 7 da rabi ba. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a jirgin da igiyar ruwa ke wasa da shi yana riƙe da jan kilo 7 na minti goma ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Inji mai birkin kilo 8 zuwa 10 da ke fita sumul ya fi mai kilo 25 da ke fizga.

Ga wani abu da sababbi ba su sani ba. Yayin da kifi ke kwashe zare, naɗin da ya rage a kwarkwaro yana ƙanƙancewa, birkin kuma yana ƙara ƙarfi da kansa ko ba ka taɓa shi ba. In kaurin naɗin ya koma rabi, ƙarfin birkin ya ninka. Mutum ya ga zarensa na ƙarewa, tsoro ya kama shi, ya ƙara matsewa, alhali sassautawa ya kamata ya yi, ya ce wa direba ya bi kifin.

Mataki na biyar: jiki, giya da boris

Jikin inji ko dai na alminiyom ne ko na wata baƙar roba mai tauri da ake kira girafayit. Girafayit ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, yana da araha, amma mara kauri yana lanƙwasa in nauyi ya yi yawa, haƙoran giya su goce daga saitinsu su fara cin juna. Alminiyom ba ya lanƙwasa, sai dai duk inda fentinsa ya kwarzane gishiri zai kama wurin. A babban mai rataye na fi son jikin ƙarfe. A mai ganga, girafayit mai kauri daga kamfanin kirki yana shekaru yana aiki.

Giya ta zama ta tagulla ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa, musamman ƙaramar da ke juya kwarkwaro. Lambar da ake rubutawa kamar 4.2:1 ko 6.2:1 tana nufin sau nawa kwarkwaro ko wayar naɗi ke zagayawa in ka juya hannu sau ɗaya. Kamar giyar babur ce: ƙaramar lamba ita ce giya ɗaya ta hawan tudu da kaya, babbar lamba ta gudu a kwalta. Ɗago dalma mai nauyi da kifi daga mita 50 aikin hawan tudu ne, don haka tsakanin 3.5 da 5 ya fi sauƙi a hannu.

Sai boris, wanda da shi ake yaudarar mutane. Yawansa ba ya nuna inganci. Penn Senator mai lamba 113H boris 2 gare shi, Shimano TLD yana da 4, kuma su ne ake gadonsu daga uba zuwa ɗa. Guda 14 na baƙin ƙarfe wuri 14 ne da tsatsa za ta kama. Nemi 4 zuwa 7 na ƙarfen da ba ya tsatsa, masu murfi.

In ka ga IPX5 ko IPX6 a kwali, ana nufin an toshe kafofin injin yadda feshin ruwa ba zai shiga ba. Abu ne mai kyau in aljihunka ya kai, amma ba izinin tsoma shi cikin teku ba ne.

Mataki na shida: sunayen da za ka nema, sabo ko gwanjo

Ba talla nake yi wa kowa ba, amma ba zan bar ka ka shiga kasuwa ido rufe ba. A masu rataye, Daiwa BG da Penn Battle su ne matsakaitan da jikinsu ƙarfe ne kuma sun yi suna wajen juriya. BG daga lamba 4500 zuwa sama da hannu ake rufe wayarsa, wanda ya rage abin lalacewa guda ɗaya. Penn Pursuit ya fi su araha, jikinsa girafayit ne, zai yi wa mai neman matsakaicin kifi. A masu ganga, Shimano TLD 15, 20 da 25 masu liba ne, Penn Squall kuma akwai mai tauraro akwai mai liba. Sai tsohon soja, Penn Senator. An kafa kamfanin Penn a Filadelfiya ta Amurka a 1932, Senator kuma ya fito a 1936, har yau ana ƙera shi. Nauyi gare shi, ba shi da sauri, amma da sukudireba ɗaya za ka kwance shi ka mayar. Shimano da Daiwa na Japan ne. Okuma na Taiwan ma yana da masu sauƙin kuɗi da ba su da laifi.

Dalilin da ya sa na ambaci waɗannan shi ne kayan gyara. Injin da aka sayar da shi da yawa a duniya, za ka samu washarsa da boris ɗinsa da sifirin ɗinsa, ko sabo ko daga wani mataccen irinsa. Wanda ba a san sunansa ba, ranar da ɗan sifirin guda ya karye ranar ya zama abin jefarwa.

Farashinsu yana bin dala, don haka ga mai ƙaramin ƙarfi shawarata ita ce gwanjo mai suna ya fi sabo mara suna. Amma gwanjo sai da ido. Ka ce a kwance murfin gefe a gabanka. Baƙin giris da ya tsufa ba komai, wankewa ake yi. Kore-kore kaɗan a kan tagulla ma yana gogewa. Abin gudu shi ne farin gari da ramuka a jikin alminiyom, tsagewa a jikin girafayit musamman wajen ƙafar da ke zama kan sanda, da notin da kansa ya cinye, alamar an yi ta fama da shi ya ƙi kwancewa. Mai kayan da ya ƙi a buɗe, ka yi masa sallama.

Jabu ma ya cika kasuwa. Karanta sunan harafi bayan harafi, domin sukan canza guda ɗaya. Na gaske yana zuwa da takarda mai zanen kowane ƙarfe na cikinsa da lambarsa. In an ce maka sabon BG ne a kuɗin da bai kai rabin na sauran shaguna ba, araha ba ta ado.

In daga Birnin Kebbi ko Yauri ko Argungu za ka yi oda ta waya a saka maka a mota, kada ka tura kuɗi a kan hoto. Nemi ɗan'uwa a Legas ya je ya riƙe shi da hannunsa ya yi gwajin da ke tafe.

Mataki na bakwai: gwajin hannu kafin biya

Juya hannun a hankali ƙwarai, kunnenka kusa da shi. Juyawa da sauri tana ɓoye aibi. In ka ji ƙaras-ƙaras kamar yashi, ko wani wuri guda da yake ɗan cijewa a kowane zagaye, ajiye shi. Sannan ka yi ƙoƙarin mayar da hannun baya da ƙarfi. A sababbin ƙira bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Tsofaffi irin Senator suna ɗan komawa kaɗan kafin harshen ƙarfen ya kama, wannan haka aka yi su, muddin yana kamawa daram.

Riƙe ƙafar injin da hannu ɗaya, jikin da ɗaya hannun, ka murɗa. In ya ba da kai kamar robar bokiti, zai fi haka a gaban kifi. Girgiza hannun da kwarkwaron gefe da gefe ka ji ko suna da lako-lako. Bi leɓen kwarkwaro da farcenka, domin 'yar tsaga da ido ba ya gani tana yanke zare. A mai rataye, akwai 'yar taya a kusurwar waya inda zare ke bi, tura ta da tsinken ashana ka tabbata tana juyawa, ita ce ke fara ƙamewa a ruwan gishiri. Buɗe wayar ka rufe sau goma. A mai ganga, kunna 'yar ƙararrawar da ke kuka in kifi ya ja, ka ji ko muryarta za ta fi ƙarar injin jirgi.

Na ƙarshe, ka sa a naɗa masa 'yan mitoci na zare, ka matse birki kaɗan, ka naɗe bakin zaren a jikin sanda ko biro ka ja a hankali. Ƙara matsewa ka sake ja, har sau huɗu ko biyar. Kowane mataki ya fita sumul, kuma ƙarfin ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Wanda daga sako-sako sai ƙam, babu tsakiya, ba na teku ba ne.

Mataki na takwas: kada inji ya cinye kuɗin duka

Yadda nake raba kuɗin shi ne wajen rabi ga inji, sauran ga sanda da zare da ƙugiyoyi da dalma. Sanda ta dace da irin injin: ta mai rataye zobbanta manya ne suna kallon ƙasa, ta mai ganga ƙanana ne suna sama, kuma an rubuta ƙarfin zaren da za ta ɗauka a jikinta.

A cikin kuɗin nan ka fitar da na rigar kariya tun kafin komai. Mu mutanen Kebbi ba sai an ba mu labari ba, haɗarin jirgin Warra na watan Mayun 2021 yana nan a zukatanmu, kuma a kogi ne ma ya faru. Iya iyo na Neja ba ya isar mutum inda ba ya hango gaɓa. Ka kuma nemi igiya mai ƙarfi ka ɗaure sandarka da jikin jirgi, domin fizga ɗaya ta ishi kifi ya tafi da jarinka gaba ɗaya.

Mataki na tara: ɗura zare da saita birki

Zare iri biyu ne. Na lailon yana da araha, yana talewa kamar roba, wanda ke yafe wa sabon hannu kurakurai, kuma yana jure gogar dutse. Mai kitso siriri ne ƙwarai a kan ƙarfinsa, ba ya talewa, don haka ko kifi ya taɓa ƙoto a mita 60 za ka ji a hannunka, igiyar ruwa kuma ba ta jansa sosai. Tsada gare shi, kuma yana yanka kamar reza, kada ka kuskura ka naɗe shi a yatsa ko tafin hannu ka ja. Ga sabon hannun da ya fara da mai ganga, lailon ya isa. In za ka sa mai kitso, fara naɗa mita 10 zuwa 20 na lailon a ƙasa ka ƙulla shi a kai, in ba haka ba duk naɗin zai riƙa zamewa a kan kwarkwaro ka zaci birki ne ya lalace. A bakinsa kuma ka ƙulla lailon mai kauri kamar gaba biyu, in wurin barakuda ne ka ƙara guntuwar waya, domin haƙoranta almakashi ne.

Ɗura zaren a matse, wani ya riƙe maka shi da jiƙaƙƙen tsumma kana naɗawa. Ka tsaya saura kamar kaurin tsinken ashana ya kai leɓe.

Saita birki ba ya buƙatar wata na'ura. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In zarenka mai laba 30 ne, zuba lita 4 a galan, ka zura zaren ta zobban sanda ka ɗaure a hannun galan ɗin, ka ɗaga a hankali. Inda galan ya fara barin ƙasa zare kuma ya fara zamewa, nan ne wurin. Ja zaren da hannunka sau da yawa har jikinka ya haddace nauyin. In kana da sikelin rataye irin na masu sayar da kifi, ya fi sauƙi.

Ɗan ƙanwar tawa gwanjon TLD 20 ya samu a ƙarshe. Ya turo mini bidiyo yana ɗaga galan a tsakar gidan da suke haya, abokansa sun zagaye shi suna kallo. Na ce masa ya rage kofi ɗaya na ruwan, domin na ga sandar ta lanƙwasa fiye da yadda nake so.

Mataki na goma: wanki, duk ranar da aka fita

Ko Senator ne, in aka bar shi da gishiri sati biyu zai fara ciwo. Da zarar kun sauka, kafin wanka kafin abinci, matse birkin don ruwa kada ya shiga tsakanin washa. Zuba masa ruwan daɗi a hankali da buta, ko leda ɗaya ta fiya wata ka huda ka yayyafa, har da zaren da zobban sanda. Kada ka sa shi ƙarƙashin famfo mai ƙarfi, kada ka tsoma shi a bokiti, domin hakan tura gishirin ciki yake yi. Girgiza shi, goge da tsumma, ka bar shi a inuwa ya sha iska. In ya bushe sai ka sassauta birkin gaba ɗaya, washar da aka bari a matse tana lallatsewa ta fara fizga.

Duk sati ka ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a 'yar tayar zare da mariƙin hannu. Giris na giya ne, mai na boris ne, kada ka musanya su, kada kuma ka fesa maganin kwance tsatsa a ciki, yana narkar da giris. Sau ɗaya ko biyu a shekara ka kwance shi a kan farin ƙyalle, kana ɗaukar hoto da waya a kowane mataki, kana jera kayan bi da bi yadda suka fito. Kowane noti ka shafa masa giris kafin ka mayar, domin inda ƙarfe iri biyu suka haɗu a ruwan gishiri nan farin garin ke fara fitowa.

In za ka taho da shi gida hutun salla, kada ka ƙulle shi a leda, gumi zai yi a ciki. Naɗe shi a tsohon rawani ko safa mai kauri ka sa a akwati, musamman da hunturu, domin ƙurarmu in ta haɗu da giris tana zama kamar yashin wanke tukunya a tsakanin haƙoran giya.